Yadda Za Ka Gyara Waifai Ɗin Madam Alhali Ba Ka San Komai Ba

Ka ba ni mako uku. In ka bi abin da zan faɗa maka ɗaya bayan ɗaya, ba tsallake, na yi maka alkawari za a daina ce maka "kai, zo nan" a ofis, a koma ce maka Injiniya. Ba sai kana da takardar makaranta ba. Ni da nake rubuta maka wannan, a aji uku na firamare muka yi sallama da malamai, ba wanda ya riƙe wani a zuci. Shekara talatin na yi ina dillancin motoci a tashar Jabi, ban taɓa buɗe bonet da niyyar gyara ba. Abin da na sani shi ne mutane. Ita kuwa kwamfuta, komai tsadarta, a gaban mutum ake ajiye ta.

Ilimin nan ba ni na ƙirƙiro shi ba. Na tattaro shi ne daga maƙwabcina Badamasi, wanda katanga ɗaya ta raba mu a Mpape, masinja a wani ofishin gwamnati da ba zan kama sunansa ba. Shekara goma sha tara yana kai fayil daga wannan tebur zuwa wancan. A shekarun nan da Abuja ta cika da kwangila, kowane lungu ana ɗora bene, kowane darakta ya dawo daga taron bita da laftof a hammata, shi ma rabonsa ya same shi. Ga yadda ya yi, ga yadda za ka yi.

Mataki na ɗaya: Ka mallaki tsumma

Ba filaya ba, ba littafi ba. Tsumma, mai tsabta, wanda zai shiga aljihu.

Shugabar ofishin su Badamasi, Madam Clara, 'yar Filato ce mai son tsabta, kuma dokarta ce a goge mata tebur kowace safiya kafin ta iso. Laftof ɗinta irin na lokacin ne, baƙi, mai nauyin bulo. A gefensa na hagu akwai wani ɗan makunni da bai fi ƙwayar wake ba. In an tura shi gaba, wata fitila shuɗiya ta kama, waifai ya shigo, wato intanet ɗin nan da ke zuwa ta iska ba igiya. In an tura shi baya, komai ya ɗauke. Duk masu digirin ofishin ba wanda ya taɓa sunkuyawa ya gan shi, don mai digiri allo yake kallo.

Wata safiya Madam ta zo, intanet ya ce bai san ta ba. Ta tara ma'aikata shida, suka tsaya a bayanta kowa na ba da shawara ba wanda ya yarda ya taɓa. Badamasi ya shigo da shayi, ya ga ɗan tabo a gefen laftof, ya zaro tsumma ya share. Fitila ta kama.

Madam ta ɗago kai. "Baba Badamasi, me ka yi mishi?"

"Ɗan abu ne, ranki ya daɗe."

Ka riƙe amsar nan. A lokacin shi ma bai san abin da ya yi ba. Sai da ya kwana huɗu yana tunani ya gane cewa in ya goge daga gaba zuwa baya, tsumman ne ke kashe waifai, in ya goge daga baya zuwa gaba, ya dawo da shi. Ashe shi ne cutar, shi ne maganin. Bai gaya wa kowa ba sai ni, ni ma ban gaya wa kowa ba sai kai.

Mataki na biyu: Kada ka gyara da wuri

Abin da aka gyara cikin ƙiftawar ido ba a yi wa mai gyaran godiya, sai a ce dama da kansa zai dawo. Saboda haka in an kira ka, ka fara naɗe hannun riga. Ka tambayi yaushe abin ya fara, ka gyaɗa kai kamar likitan da ya taɓa ganin irinsa a Kaduna. Ka fita baranda wurin akwatin nan mai ƙaho biyu da ke ƙyafta fitilu, wanda daga gare shi waifai ke fitowa. Ka zare shi daga wuta, ka tsaya gwargwadon tauna ɓarin goro, ka mayar. Ka dawo ka kashe laftof ka kunna.

A nan sai ka yi hattara, don wani lokaci kashewa da kunnawar nan gyara abin take yi da gaske. In hakan ta faru kada ka nuna mamaki.

Daga ƙarshe ka roƙi Madam ta ɗan tashi daga kujera don ka saurari kukan injin. Ka kara kunne, ka lumshe ido, babban yatsanka na ƙarƙashin tsumma ya yi aikinsa. Minti ashirin ya isa.

Kuma kada ka yi zari. Badamasi sau biyu yake kashewa a mako, Talata da Alhamis. Ba ya taɓa Litinin, don ranar Madam ke zuwa da fushin cunkoson hanyar Lugbe. Ba ya taɓa Juma'a, don ba ya son ya shiga masallaci da abu a wuyansa.

Mataki na uku: Ka ɗora laifin a kan wanda ba zai iya kare kansa ba

Za a tambaye ka me ke kawo matsalar. Kada ka taɓa kiran sunan mutum, mutum yana da baki kuma yana da ɗan'uwa a sama. Ka ce hadari ne. In rani ne ka ce zafi. Ka ce injin hoton takardu yana jan iskar zuwa wajensa. Badamasi ya taɓa gaya wa Madam cewa duk ranar da aka fasa dutse da nakiya a Mpape, iskar Abuja gaba ɗaya sai ta girgiza, shi kuwa intanet a cikin iskar yake tafiya. Rosemary, sakatariyar Madam, ta rubuta wannan a takarda don ta gaya wa mijinta.

Mataki na huɗu: Ka haddace kalmomi uku, kada ka ƙara

Netwok, sigina, direba.

Biyun farko kowa na faɗinsu, har mai sayar da katin waya a bakin titi. Na ukun shi ne jarinka. Direba wani ɗan rubutu ne da ke zaune a cikin kwamfuta, shi ke sa ta gane cewa tana da abin kama waifai a cikinta. In babu shi, ko an kafa mata akwatin nan mai ƙaho a kan hancinta ba za ta ji komai ba. Iyakar abin da Badamasi ya sani ke nan, shi ma a bakin wani ya tsinta cikin mota. Amma in ya tsuke fuska ya ce "ina jin direba ne," sai ofis ya yi tsit, har masu digiri su koma teburinsu.

Da kalmomin nan uku ya yi shekara biyu. Aka daina aiken shi sayen gasasshiyar masara. Mutanen ofishin sama suka fara saukowa aron shi. Mai gadi ya fara miƙewa in ya shigo. Matarsa Asibi ta ce da ni ita dai ba ta ga canji a cefane ba, amma tafiyarsa ta canza.

Abin da ban gaya maka ba shi ne, kalmar da kake tsorata mutane da ita tana iya zuwa wata rana da ƙafarta.

Mataki na biyar: In mai takarda ya zo, ka gaishe shi da hannu biyu

Sai hedikwata ta aiko cewa za a rage ma'aikata. Kowane shugaban ofis ya tura sunayen waɗanda yake son a bar masa, ta imel, kafin ƙarfe biyu na ranar Laraba. Wanda bai tura ba, hedikwata za ta yanke masa da kanta, kuma daga ƙasa take farawa. A ofishin nan in ka fara daga ƙasa, Badamasi za ka fara takawa. Saura shekara shida ya kai fansho.

A makon ne kuma aka turo Bernard, ɗan kwangila mai kula da kwamfutocin hukumar, mutum mai kwat da katin shaida a wuya da jaka cike da faya-fayai. Ba mugu ba ne. Ya ce da Badamasi "Baba, na ji labarinka," shi kuwa ya karɓi hannunsa da hannu biyu ya tambayi iyali. Haka za ka yi. Wanda ya san aikin da kake ƙaryar sani, ka girmama shi, ka tsaya ta bayansa, kada ka yarda ku haɗa ido a gaban kwamfuta.

Ranar Talata da yamma Bernard ya duba laftof ɗin Madam, ya ce ƙwayoyin cuta sun yi masa yawa. Ya kwashe mata takardunta gefe, ya wanke shi tas, ya zuba masa sabon ciki. Laraba da safe laftof ya tashi da gudu kamar sabo. Abu ɗaya ne ya rasa, waifai.

Mataki na shida: In makunni ya ci amanarka, kada gwiwarka ta nuna

Da Rosemary ta leƙo ta ce Madam na kira, Badamasi ya rasa dalili, don yau Laraba ce, ba ranarsa ba ce, kuma da safen nan daga baya zuwa gaba ya goge. Duk da haka ya naɗe hannun riga. Ya je baranda, ya tauna goro, ya dawo. Ya kashe ya kunna. Ya roƙi Madam ta tashi. Ya tura makunni gaba, shiru. Ya mayar baya, ya sake turawa gaba, shiru. Ya yi ta kai da komo har yatsansa ya yi zafi, fitilar ko ƙyaftawa. Ƙarfe sha ɗaya ta wuce. Gumi ya fara bin bayansa a cikin ɗaki mai sanyin firji.

Madam ta ce ya yi magana mana. Ya buɗe baki, abin da ya saba faɗa ya fito da kansa, cewa yana jin direba ne.

Bernard, da ke tsaye yana danne-danne, ya buɗe wani shafi, sai ga wata 'yar alama rawaya a gefen wani layi. Ya juyo ya dubi Badamasi da girmamawa ta gaske, ya ce Baba ya yi gaskiya, direban waifai ya tafi da wankin jiya. Karo na farko ke nan a rayuwar Badamasi da ya faɗi gaskiya game da kwamfuta, kuma bai taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Madam ta ce to a sa wani. Bernard ya ce a intanet ake ɗauko shi. Ta ce to a ɗauko. Ya ce ai sai da intanet ake shiga intanet. Ta cire tabarau ta ajiye. Sauran kwamfutocin ofishin na buga wasiƙa ne kawai, ba wadda aka haɗa da waje, kuma ta rantse takardar sunayen nan ba za ta shiga hannun kowa ba, balle shagon intanet. Bernard ya ce da akwai igiyar nan shuɗiya ta da, wadda ake sokawa a bango, da an wuce wurin. Rosemary ta ce ai tun da aka kawo waifai aka kwashe su duka. Sai Bernard ya ɗauki filashinsa, ɗan abin kwafar nan, ya ce zai ruga wani shago a Jabi ya kwafo direban.

Badamasi na tsaye da tsumma a hannu. Ya san inda igiya shuɗiya ɗaya take.

Mataki na bakwai: Ka riƙa tuna inda ka kai abin da ka ɗauka

Shekara biyu da suka wuce, ranar da aka kwashe igiyoyin, ta ofishin Madam ta faɗa bayan durowar fayil. Mai shara ne kaɗai ke sanin bayan durowa. Badamasi da ke share wurin ya ga doguwa ce, mai ƙarfi, ruwa ba ya cin ta. Ya naɗe ta ya sa a jaka don kada ta ɓata.

Za ka ce me ya hana shi zuwa kasuwar Wuse ya sayo sabuwa. Na farko, bai san sunanta ba, kuma Injiniya ba ya shiga shago ya ce a ba shi "igiyar nan". Na biyu, shi a saninsa kowane rami da igiyarsa, kamar kwaɗo da mabuɗi. Ramin bangon Madam wannan igiyar ya sani. Kada ka yi masa dariya, da ya fi haka ilimi da yanzu yana gida yana kiwon kaji.

Ya ce da Madam zai je ya ɗauko wani kayan aiki. Ya shiga motar Mpape, ya sauka a bakin kasuwa, ya hau acaɓa, inda acaɓa ya gaza ya ƙarasa hawan da ƙafa. Ina zaune a ƙofar gida ya wuce ni ko sallama babu.

A tsakar gida igiyar na nan daga ƙusar bango zuwa bishiyar gwanda, ɗauke da zannuwan Asibi guda biyar da ta gama wankewa yanzun nan. Ya fara sauke su yana ɗorawa a kafaɗa. Asibi ta fito daga kicin da ludayi a hannu. Ta katanga na ji komai.

"Malam, lafiya? Sata aka yi ko gobara?"

"Gwamnati na son igiyarta."

"Shekara biyu ba ta tambaya ba sai yau da na yi wanki? To ka gaya wa gwamnati ta zo ta riƙe min zannuwan da hannu."

Ya ce mata in igiyar nan ba ta isa ofis kafin biyu ba, daga wata mai zuwa shi da ita za su riƙa zama a gida suna kallon juna daga safe har yamma. Ta auna maganar. Sai ga ta da kanta tana kwance ƙullin jikin gwanda, tana ce masa ya bi a hankali da kan, kada ya fasa ɗan robar. Ashe tun farko ita ta ɗaure kawunan biyu da leda saboda ruwan sama, don ta ce abu mai irin wannan kai ba banza ba ne.

Mataki na takwas: Ka duba kayan aikinka kafin ka shiga da shi

Wannan matakin Badamasi ya tsallake. Kai kada ka tsallake.

Biyu saura kwata ya shiga ofishin Madam, rigarsa jiƙe rabi da gumi rabi da ruwan zannuwa. Bernard ya riga shi dawowa, yana zaune ya dafe kai. Direban da ya kwafo na wani laftof ne, ƙanin wannan, lamba ɗaya ta raba su, kuma kwamfuta ba ta san zumunci ba. Badamasi ya wuce kai tsaye. Ya ture durowa, ya durƙusa, ya soka kai ɗaya a ramin bango, ya miƙa wa Bernard ɗayan, don shi bai san inda ake sokawa a jikin laftof ba. Ya yi hakan kamar babban likita na miƙa wa ƙarami almakashi.

Ɗakin ya ɗauki ƙamshin sabulun wanki. Wasu 'yan fitilu biyu suka ƙyafta a gefen laftof. Bernard ya ce intanet ya shigo.

Madam ta zauna, ta buɗe takardar sunaye. Sai idonta ya sauka a tsakiyar igiyar, inda wani jan maƙalin shanya na roba ke reto. Ta ce Bernard da Rosemary su ba ta wuri. Ta cire maƙalin, ta juya shi a hannu.

"Baba, wannan ma na intanet ne?"

"Yana riƙe sigina, ranki ya daɗe."

Ta ce ya zauna. Shekara goma sha tara bai taɓa zama a kujerar nan ba, sai ya ɗosana a bakinta. Ta miƙa yatsa ba tare da ta duba ba, ta taɓa ɗan makunnin gefen laftof, ta tura shi gaba, ta dawo da shi baya. Ta ce tun wata na biyu mijinta ya nuna mata shi a gida.

Badamasi ya ce da ni a nan ne ya ji kujerar ta yi masa nisa da ƙasa. Ya fara haɗa kalmomin ban haƙuri, ta ɗaga hannu.

"Talata da Alhamis ne kawai ina samun minti ashirin da ba wanda zai ce in amsa imel. Ina shan shayi na da zafi. Ka ga na yi ƙara?" Ta ajiye maƙalin kusa da tabarau. "Amma yau ne ka gyara abu da gaske."

Ta juya ga allo, ta ɗan buga wani abu, ta danna. Biyu saura minti shida. Badamasi na kallon allon, amma Turancinsa bai wuce na bangon fayil ba, bai san ko ƙara suna ta yi ko cirewa ba. Ta ce ya je ya canza riga.

Mataki na tara: Ka je aiki ranar Litinin

Kwana biyar bai ci abincin kirki ba. Litinin aka manna takarda a allon sanarwa. Sunansa dai yana iya karantawa ko a juye, ya same shi na goma sha ɗaya cikin waɗanda aka bari. Bernard kuwa ta igiyar shanyar nan ya ɗauko direban gaskiya, fitila shuɗiya ta dawo, har yau yana gaya wa mutane cewa akwai wani dattijo a ofishin nan da ke gane ciwon kwamfuta da kunne.

Da Badamasi ya kai shayi, Madam ba ta ɗago kai daga takarda ba. Ta ce igiya ta zauna a ofis, kayan gwamnati ne. Ta tura masa maƙalin ta ce ya mayar wa Madam ɗinsa ta gida da godiya. Har ya kai ƙofa ta ƙara magana.

"Ranar Alhamis hedikwata za su dame ni da safe. Ka goge tebur da kyau."

Wanke hannu

Duk wanda ya bi matakan nan ya bi ne da ƙafarsa. In laftof ɗin shugabarka ba shi da makunni a gefe, ba ni na ƙera shi ba. In shugabarka ba ta shan shayi, ko mijinta mai surutu ne, ko an kama ka da yatsa a ƙarƙashin tsumma, ban san ka ba, ban taɓa ganinka a tashar Jabi ba, kuma dama na gaya maka a aji uku na tsaya. Wanda ya rasa aiki kada ya zo min gida. In ma ya zo ba zai gane ƙofar ba, don tun ranar Larabar nan zannuwan Asibi a kan katangata suke shan iska, kuma ta ce ba za ta sauke su ba sai gwamnati ta dawo mata da igiyarta.